Zugazugin Inji: Tunani a Kan Zaɓen Na'urar Ƙara wa Motar Tsere Numfashi

Gabatarwa

Akwai abubuwan da kan shigo ƙasar Hausa da sunansu, harshe ya karɓi sunan ya lanƙwasa shi, har a manta baƙo ne. Haka muka sami birki da giya da totur da lagireto da salansa. Akwai kuma waɗanda sunansu kan iso ya tarar wani ya riga ya zauna a gurbinsa. Na'urar da wannan maƙala za ta yi magana a kanta tana cikin kashi na biyu. Idan aka hausantar da sunanta na Turanci bisa lafazi, abin da za a samu shi ne sufacaja, kuma duk Bahaushen da ya ji caja, wayar salula ko batir ne zai faɗo masa a rai. Alhali kuwa ba ruwanta da lantarki. Aikinta ɗaya ne: ta ɗura wa inji iska fiye da yadda zai iya shaƙa da kansa.

Dalilin da ya sa na tsunduma cikin batun na ƙashin kaina ne. Shekara huɗu ke nan ina hawa Scion FR-S ƙirar 2013, 'yar Kwatano, ƙaramar mota mai ƙofa biyu wadda ake kira Toyota 86 a Japan, 'yar tagwayen Subaru BRZ. Irin waɗannan ne mukan kira motar tsere, ko da yake yawancinsu ba su taɓa shiga filin tsere ba. An ƙera su ne domin jin daɗin tuƙi, ba domin lodi ba. Injinta lita 2 ne mai silinda 4, kuma ƙarfinsa ya kai na doki 200. Amma yana da wani rauni da duk mai irinta ya sani: tsakanin juyi 3,500 zuwa 4,500 a minti ƙarfin jansa yakan faɗa rami, kuma a daidai nan ne direba ke buƙatarsa in zai wuce tirela a kan hanya mai hannu biyu. Kamfanoni da dama a Amurka da Japan da Ostareliya suna sayar da cikakkun kayan wannan na'ura domin wannan mota, a kan kimanin dala dubu 4 zuwa dubu 7. Tun da dala ta haura naira 1,500 a 2024, wannan ya zama lissafin miliyoyi, ban da kuɗin dako da na kwastan. Ga malamin jami'a, kuɗi ne da ba a kashe su sau biyu. Haka kuma, in injin ya lalace, ba irin wanda za a shiga Ƙofar Ruwa a ɗauko da yamma ba ne.

Na shafe watanni ina auna zaɓin, kuma dole ta sa na yi awon da Hausa, domin da ita nake magana da bakaniken da zai ɗaura kayan. Abin da na tarar shi ne ya sa na ga ya dace in kawo zancen gaban manazarta: harshen ya riga ya mallaki tunanin da ake buƙata, sai dai a maƙera yake ajiye.

Numfashin Inji

Inji murhu ne da ke ci yana mutuwa sau dubbai a minti. Mukan ɗauka mai ne abincinsa, amma abin da ya fi ci iska ce. Kafin kilo 1 na fetur ya ƙone sarai, yana buƙatar kilo 14.7 na iska. Wato lita 1 ta fetur tana neman kusan lita dubu 9 na iska. Ƙara mai abu ne mai sauƙi. Abin da ke iyakance ƙarfin inji shi ne yawan iskar da za ta iya shiga silinda a ɗan lokacin da ƙofarta ke buɗe. Injin da ba a taimaka masa ba yana dogara ne ga nauyin iskar sarari, wanda a bakin teku yake fam 14.7 a kan kowane inci murabba'i. Wannan shi ne ma'aunin da masu faci ke amfani da shi in sun ce sun sa wa taya 32. Idan aka ƙara wa inji fam 7, abin da bai kai rubu'in iskar taya ba, an ƙara masa rabin numfashinsa ke nan.

Duk wanda ya taɓa zama a maƙera ya san wannan ilimi. Gawayi ɗaya ne, murhu ɗaya ne, amma wutar da ke dafa tuwo ba ta narka ƙarfe sai an zuga ta. Shi ya sa na zaɓi in kira na'urar zugazugin inji. Kuma wannan suna ba ado ne na marubuci ba, tarihin na'urar ne ya ba da shi. 'Yan'uwa biyu, Philander da Francis Roots, mutanen garin Connersville a jihar Indiyana ta Amurka, su ne suka yi rajistar ƙirar famfon iskarsu a 1860, kuma aikin da ya shahara da shi shi ne hura wutar murhun narkar da ƙarfe da shigar da iska ramukan ma'adinai. Sai daga baya aka ɗaura shi a kan inji, har kamfanin Daimler ya nuna motocin Mercedes masu ɗauke da shi a bajekolin Balin na 1921. Ke nan daga maƙera na'urar ta fito tun asali. Idan Hausa ta kira ta zugazugi, gida ta mayar da ita.

Ya kamata a bambanta ta da ɗan'uwanta turbo, wanda kanikawanmu suka fi sani saboda manyan motocin dizal. Turbo, wanda Alfred Büchi ɗan ƙasar Suwizalan ya yi wa rajista a 1905, hayaƙin salansa ne ke juya shi. Zugazugi kuwa bel ne ke jan sa daga karanshaf, don haka yana cin wani kaso na ƙarfin da yake samarwa, kamar yaron maƙera da ke ci daga cinikin ranar. Ladan wannan kuwa shi ne ba ya jinkiri: da an taka totur yake amsawa, kuma ba ya tara zafin hayaƙi a ƙarƙashin bonet kamar yadda turbo ke yi.

Iri Uku, Hali Biyu

Zugazugin inji iri uku ne a kasuwa. Na farko shi ne ƙirar Roots, wanda a yau kamfanin Eaton ya fi shahara da ƙera cikinsa. Wasu ƙarafa biyu ne masu kunnuwa ke juyawa a cikin akwati, suna ɗibar iska daga wannan gefe suna kai ta wancan. Kowane juyi mudu guda yake aunawa, ba ƙari ba ragi, saboda haka na kira shi mai awo. Na biyu shi ne mai murɗa, wanda injiniyan Suwidin Alf Lysholm ya inganta a shekarun 1930, wanda kamfanoni irin su Whipple da Sprintex ke ƙerawa. Shi ma awo yake yi, sai dai ƙarafansa murɗaɗɗu ne kamar igiya, suna matse iskar tun tana cikinsu kafin su sake ta. Na uku shi ne mai farfela, wanda Louis Renault ya yi wa rajista a Faransa a 1902, kuma Vortech da ProCharger da Rotrex na ƙasar Denmak suke yi a yau. Wannan ba ya awo. Farfelarsa tana juyawa sau dubun dubata a minti, tana wurga iska gefe kamar yadda majajjawa ke wurga dutse, sai saurin iskar ya rikiɗe ya zama matsi.

Iri uku ne, amma halinsu biyu, kuma duka biyun suna nan a maƙerunmu. Zugazugin fata na gargajiya mai awo ne: ko a hankali aka danna shi, cikinsa guda zai fitar, wuta ta amsa nan take. A 'yan shekarun nan kuma maƙera da masu narka alminiyam da yawa sun koma ga fanka da ake juyawa da wilin keke. Wanda ya taɓa juya ta ya san halinta: in ana juyawa a hankali kusan babu abin da ke fita, sai an kai wani sauri sannan wuta ta ɗauki gurnani. Lokacin da na kwatanta wa bakanikena bambancin da wannan misali, bai nemi ƙarin bayani ba.

Lissafin ma haka ya nuna. Matsin mai farfela yana ƙaruwa ne da ninkin sauri a cikin kansa: rabin sauri yana ba da rubu'in matsi. Injin motata iyakarsa juyi 7,400 a minti. Idan aka saita mai farfela ya ba da fam 7 a can ƙoli, to a juyi 4,000, inda ramin nan yake, abin da zai bayar bai fi fam 2 ba. Mai awo kuwa zai ba da kusan dukkan fam 7 ɗin tun daga ƙasa. Saboda haka in dai cike ramin ne kaɗai abin dubawa, mai awo ya yi nasara tun kafin a fara muhawara. Zuciyata ma can ta karkata, har da dalilin da ba na injiniya ba: shi ne jikan zugazugin 'yan'uwan Roots, shi ne sunan da na raɗa ya fi dacewa da shi.

Lambar da ke Kan Kwali

A nan ne ma'ana ta biyu ta kalmar ta shigo. Zuga a Hausa ba hura wuta kaɗai take nufi ba. Maroƙi yana zuga basarake ya yi kyautar da bai shirya ba, abokai suna zuga yaro ya tari faɗan da ya fi ƙarfinsa. Bisa ƙa'idar da ta ba mu mabuɗi daga buɗe da maɗinki daga ɗinka, za a iya samun mazugi daga zuga, kuma tun da rubutunmu na yau da kullum ba ya nuna karin sauti, kalmar za ta ɗauki na'urar da ke zugawa da mutumin da ke zugawa a lokaci guda. Kasuwar waɗannan kaya tana da duka biyun. Na'ura tana zuga inji, talla tana zuga mai mota.

Makamin tallar lamba ce guda: ƙarfin doki. Yawancin masu sayar da kayan wannan mota suna alkawarin ɗaga ta daga doki 200 zuwa wajen 280 ko 300. Lambar ba lalle ƙarya ba ce, amma tana da sharuɗɗan da ba a rubuta su da manyan baƙaƙe. Wani yana aunawa a karanshaf, wani a taya, kuma tsakaninsu akwai kusan kashi 15 cikin 100 da ke salwanta a giya da sauran ƙarafa. Sannan lambar ta ƙoli ce, wadda ba a samu sai a kusa da iyakar juyin inji. A kan babbar hanya, inda dokar Nijeriya ta tsayar wa ƙananan motoci kilomita 100 a awa, injin motata a giya ta shida bai kai juyi 3,000 ba. Mutum zai iya shekara bai ziyarci inda dokin nan 300 suke ɗaure ba.

Tarihin tsere yana da darasi a kan wannan. A 1929 Sir Henry Birkin ya sa aka ɗaura zugazugin ƙirar Roots a kan Bentley mai lita 4 da rabi, ba da son W. O. Bentley ba, wanda ya fi yarda da a ƙara girman inji. Motar ta yi suna, ta yi gudu na ban mamaki, amma ba ta taɓa cin tseren awa 24 na Le Mans ba. A 1930 biyun da suka shiga duk ba su kai ƙarshe ba, Bentley Speed Six wadda ba a zuga ba ita ce ta ci. Ƙarfin da ba ya jure nisa, a hanyar Kano zuwa Jos ma ba shi da amfani.

Fetur, Zafi da Ƙura

Abin da ya yanke hukunci a wurina ba ya cikin kundin talla ko ɗaya, domin an rubuta su ne ga masu zama a wata ƙasa. Abu na farko shi ne fetur. Lokacin da fistin ya matse iska da mai, fulogi ne ya kamata ya kunna wutar, ta bazu a tsanake. Amma in matsi da zafi suka yi yawa, ragowar man da wuta ba ta kai gare shi ba yakan fashe da kansa, ya daki kan fistin, a ji ƙara kamar ta tsakuwa a cikin gwangwani. Lambar okten ita ce awon juriyar fetur ga wannan fashewa. Injin motata yana matse cakuɗin ninki 12.5, wanda yake matsi ne mai yawa ƙwarai, shi ya sa masu ƙirarsa suka ce a ba shi fetur mai okten babba tun ba a zuga shi ba.

A nan akwai tarkon fassara da ya kamata ya ja hankalin manazarcin harshe. Takardar kayan da aka yi a Amurka za ta ce a yi amfani da fetur mai okten 91 ko sama. Fetur ɗin da ake sayarwa a gidajen manmu, wanda iri ɗaya ne tak a yawancinsu, lambarsa 90 zuwa 91 ce. Mai karatu zai ce magana ta ƙare. Amma ma'aunin ba ɗaya ba ne. Nijeriya, kamar Turai, tana amfani da ma'aunin RON, Amurka kuwa tana raba tsakanin RON da wani ma'auni mai tsanani da ake kira MON. 91 ɗin Amurka ya yi daidai da kusan 95 a namu, namu 91 kuwa kusan 87 ne a nasu, wato mafi ƙanƙantar fetur a gidan man Amurka. Lamba ɗaya, ma'ana biyu. Mu da muke koya wa ɗalibai cewa kalma ba ta da ma'ana sai a cikin muhallinta, ga shi lamba ma haka take. Ga kuma cewa ingancin man ba kullum yake tsayawa wuri ɗaya ba, kamar yadda gurɓataccen fetur mai yawan metanol da ya shigo ƙasar a Fabrairun 2022 ya nuna wa masu motoci da yawa.

Wani giɓi kuma a cikin Hausar gareji yake. Muna cewa inji ya buga, amma ma'anarsa ya mutu, sai sauke shi. Kalmar Turancin da aka fassara wannan daga gare ta, a wurin injiniyoyi, sunan waccan ƙarar tsakuwa ce, wato gargaɗin da ke zuwa tun inji yana da rai. Mun ɗauki sunan ciwon mun ba gawa, ciwon kuma ya zauna babu suna. A hirarmu da bakanikena mun yi yarjejeniya mu kira shi ƙwanƙwasa, domin mai ƙwanƙwasa ƙofa sanarwa yake yi kafin ya shigo. Motocin zamani suna da kunnen da ke jin ƙwanƙwasa, sai ƙwaƙwalwar motar, wadda kanikawa ke kira biren-bos, ta jinkirta tartsatsin fulogi domin kare inji. Amma kariyar tana da iyaka, kuma duk jinkirin da ta yi, ƙarfin da aka saya da tsada ne take mayarwa.

Abu na biyu shi ne zafi. Iska in aka matse ta zafi take yi, kamar yadda famfon keke ke ɗumi a hannu. Idan zugazugi mai matsakaicin inganci ya ƙara fam 7, yakan ɗaga zafin iskar da digiri 50 ko fiye a ma'aunin Salshiyas. A ƙasar da ake gwaji a digiri 15, iskar za ta fito a wajen 65. A Kano cikin Afrilu, inda ake wuce digiri 40 da rana, za ta fito a wajen 95, dab da tafasar ruwa. Iska mai zafi ba ta da kauri, kuma ita ce babbar abokiyar ƙwanƙwasa. Saboda haka lagireton iska, wanda ke sanyaya ta kafin ta shiga inji, a wurinmu farilla ne. Shi ma iri biyu ne: mai sanyaya da iskar hanya, wanda ba shi da abin da zai lalace sai in an huda shi, da mai sanyaya da ruwa, wanda ke da famfon lantarki da tanki da tiyo. Masu awo galibi da na ruwa suke zuwa, suna zaune a saman inji suna shan zafinsa a cunkoson gari. Masu farfela kuwa galibi da na iska suke zuwa, a gaban mota.

Tudu ma yana da nasa hukunci. Kano tana kusan mita 480 sama da teku, Jos kuwa kusan 1,200, kuma inji yana asarar kimanin kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a kowace mita 300. Wanda ya saita ƙwaƙwalwar motarsa a sanyin Jos cikin Disamba, inda iska ba ta da nauyi kuma ba ta da zafi, zai ji ƙwanƙwasa ranar da ya gangara Lakwaja a bazara. Dole a yi saiti domin mafi munin rana, ba domin mafi daɗinta ba. Abu na uku shi ne ƙurar hunturu, wadda ke zaizaye gefen farfela da fatar ƙarafan mai awo duka. Buɗaɗɗiyar matatar iska da wasu kayan ke zuwa da ita domin daɗin ƙara, ba ta wannan ƙasa ba ce.

Abin da Na Zaɓa

Da na jera waɗannan, sai abin da ya zama falalar mai awo ya koma abin tsoro. Ƙwanƙwasa ta fi samun dama in matsi ya yi yawa alhali inji yana juyawa a hankali, domin a lokacin ne ragowar mai ke samun sukunin fashewa. A daidai nan mai awo ke zuba dukkan mudunsa, a kan inji mai matsi 12.5, da fetur ɗin da a Amurka 87 ne. A nan ne kuma sandunan fistin da kuloci ke ɗaukar nauyi mafi tsanani. Mai farfela kuwa yana tausaya wa inji a ƙasa, sai a sama yake sakin ƙarfinsa. Rauninsa a kundin talla shi ne kariyarsa a Kano.

Bakanikena, wanda ya girme ni kuma ya haura shekara talatin a sana'ar, ya kawo nasa tambayoyin. Ya ce, "Malam, ni ba dokin nake ji ba. In bel ɗin nan ya tsinke a Saminaka, wa zai ba ka irinsa? Man da abin ke sha, a wane shago zan saya?" Na ce, "Oga, tare da kayan za a turo su." Ya ce, "To a turo bibbiyu." Tambayoyin suna kan hanya. A yawancin kayan, bel ɗaya ne ke jan zugazugi da altaneta da famfon ruwa, kuma ya fi na asali tsawo. Ƙirar Rotrex kuma tana aiki ne da wani mai na musamman wanda baƙin mai ba ya maye gurbinsa. Mai zaɓen na'ura a nan yana zaɓen abin da zai ajiye a but har abada.

Saboda haka na tsaya a kan mai farfela, da lagireton iska mai sanyaya da iskar hanya, da rufaffiyar matata, da fuli mafi faɗi da ake samu, wato faifan da bel ke hawa, domin faɗinsa ne ke rage juyin farfela, matsin ya tsaya ƙasa da fam 7. Na ƙara lagireton baƙin mai, wanda ba ya cikin kwalin. Na kuma yanke cewa ba za a ɗaura komai ba sai an sauya fistin da sandunansu da masu ƙarfi waɗanda ke sauke matsi zuwa wajen 10, sannan a saita ƙwaƙwalwar bisa bayanan da za a naɗa a kan titin Kano a watan Afrilu, da fetur ɗin gidan man unguwarmu. Ramin nan na tsakiya kuwa, sauya bututun hayaƙi na farko da gyaran saiti suna cike mafi yawansa ko ba zugazugi. Wannan tsari ya kusan ninka kuɗin, ya tura aikin zuwa baɗi, kuma lambar da zan samu ba za ta kai ta kan kwali ba. Masu iya magana sun ce daidai ruwa daidai tsaki.

Ba zan ce buƙata ce ta kai ni ga wannan duka ba. Sha'awa ce, irin wadda ke sa mutum ya kiwata doki alhali yana da abin hawa. Sai dai sha'awa ma tana da adabinta, kuma na farkonsa shi ne kada abin da ake so ya hallaka a hannun mai son sa.

Kammalawa

Ƙamus ɗin Bargery na 1934 ya adana mana kalmomin sana'o'in gargajiya masu yawa, Philip Jaggar ya rubuta littafi sukutum a kan maƙeran birnin Kano wanda ya fito a 1994, kuma ƙamus ɗin keɓaɓɓun kalmomi da Dalhatu Muhammad ya tace a 1990 ya ba mu kayan aikin nazarin harshe da adabi. Abin da wannan ɗan zaɓi ya nuna mini shi ne akwai hanya tsakanin waɗannan rumbuna da bakin gareji, kuma ba mu cika bin ta ba. Kalmar aro irin sufacaja tana ba da suna amma tana ɓatar da hanya. Zugazugi kuwa yana zuwa da iliminsa: cewa iska ce ke mulkin wuta, cewa na fata da na fanka halinsu daban, cewa ƙarfe yana ƙonewa in zugar ta wuce kima. Maƙeri ba ya kallon hannun yaron da ke zuga, launin ƙarfen yake kallo, kuma shi ke cewa a sassauta.

Ina ganin aikin samar da kalmomin fasaha zai fi armashi in masu yin sa suka zauna a benci ɗaya da maƙera da kanikawa, suka saurari abin da ake cewa, suka kuma lura da abin da ba a samo wa suna ba tukuna. Ƙwanƙwasa misali ɗaya ce. Muddin ba ta da suna a gareji, ba za a ji ta ba sai ranar da aka ce inji ya buga.